Bakan gizo

bàkan gizò *sn., nj.*, ba a cika yi masa jam'i ba. Daga *bàkā* (jam. *bakunkunā̀*) da *gizò*.

1. Zanen launuka mai lanƙwasa a sama, ja a waje, shuɗi-shuɗi a ciki. Hasken rana kan shiga ɗigon ruwa, ya karye, ya bugi bayansa, ya fito a kusurwar digiri 42. Shi ya sa mai kallo kan bai wa rana baya. Kamaluddin al-Farisi ya gwada haka da ƙwallon gilashi mai ruwa, farkon ƙarni na 14. *Mis.:* Da la'asar ~ ya fito gabas da Matameye, bisa gonakin gero.

2. ~ *mai ninki*: na biyu, a digiri 51, dushi-dushi, ja a ciki, domin haske ya bugi ɗigon sau biyu. Tsakaninsu sama ta fi duhu. *Mis.:* Waya ba ta ɗauke shi duka ba, sai da aka haɗa hoto biyu.

3. ~ *na wata*: na dare, ido kan gan shi fari, kyamara ke fito da launinsa.

*Dubi:* mashā̀ ruwā, sunan da ya fi daɗi, don an ce shanye hadari yake yi.