Yadda Ciniki Ya Zaɓa wa Zariya Wasanta

Duk wanda ya san gidajen gem na Samaru da Sabon Gari ya san abin da ke kan allunansu: ƙwallon ƙafa, sai ɗan dambe da tseren mota a gefe. Haka abin yake tun zamanin Sega da PlayStation na farko, haka yake har yau. A daidai waɗannan shekaru kuwa akwai wani nau'in wasan kwamfuta da ya bunƙasa a duniya, wanda mai yin sa ke ɗaukar matsayin jarumi a wata ƙasa ta almara, ya tara abokan tafiya, ya yi shawara, ya yi yaƙi, labarin kuma ya riƙa juyawa bisa abin da ya zaɓa. Wannan nau'i bai taɓa kafuwa a shagunan Zariya ba, sai a ɗakunan ɗalibai ƙalilan. Mutane da yawa na cewa dalilin shi ne irin wannan wasa baƙo ne ga Bahaushe. Ni ban yarda ba. Tarihin garin yana nuna cewa hanyar da aka bi aka sayar da wasa ita ce ta yanke hukunci, tun kafin a tambayi mai wasa abin da ransa ke so.

Asalin waɗannan wasanni ba a kwamfuta yake ba. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasa ne na zama a kewaye tebur, mutum ɗaya na ba da labari, sauran kowa na riƙe da jaruminsa, ƙuri'a na raba gardama. Da kwamfuta ta karɓi aikin mai ba da labarin, sai masu ƙira suka zaɓi nuna fili daga sama a ɗan karkace, kamar yadda wanda ya hau soro ke hangen tsakar gida, domin mai wasa ya ga mutanensa duka a lokaci guda ya san inda zai tura kowa. Baldur's Gate na 1998 na cikin waɗanda suka kafa wannan tsari. Tsarin ya yi sanyi na wasu shekaru, sannan ya farfaɗo da Pillars of Eternity a 2015, wanda masu sha'awa suka tara wa kuɗin ƙira kusan dala miliyan 4, sai Divinity: Original Sin II a 2017, da Pathfinder: Wrath of the Righteous a 2021, da Baldur's Gate 3 a 2023. Abin da ya haɗa su shi ne tsawo. Ba a gama ɗayansu a zama ɗaya ko goma. Sa'o'i 60 zuwa 100 ba abin mamaki ba ne, kuma rabin lokacin karatu ne da tunanin amsar da za a ba wani.

To, a ce wannan baƙo ne a Zariya, garin da ya yi suna wajen buga almarar Hausa? A nan Hukumar Talifi ta zauna ƙarƙashin Rupert East, a nan aka shirya gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. A dubi ginin Ruwan Bagaja: mutum ya fita neman wani ruwa da zai warkar da ɗan sarki, ya bi gari gari, a kowane zango akwai matsalar da sai ya warware ta da dabara, abokin hamayya Malam Zurƙe na bin sawunsa, har ya kai ga ƙasar aljanu. Wannan shi ne ƙashin bayan kowane ɗaya daga wasannin da na lissafa. Ganɗoki kuwa jarumi ne da ya fito daga yaƙin Turawa ya faɗa duniyar aljanu da takobinsa. Daga Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 zuwa kamfanin buga littattafai na NNPC da ya biyo baya a 1966, injinan Zariya ba su daina ba: Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, wanda ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya. Yaran da suka cika gidajen gem 'ya'ya ne da jikokin waɗanda suka karanta waɗannan littattafai a firamare.

Mai ja zai ce karanta labarin jarumi daban, zama jarumin daban. Gaskiya ne, amma shiga rigar wani ma tsohuwar al'ada ce a nan. Daga goma ga watan azumi yara ke fita tashe, wannan ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama mai magani. A kalankuwa, wadda ƙauyen Bomo da ke maƙwabtaka da Samaru ya yi suna da ita, samari kan naɗa wa junansu sarauta bayan kaka, a sami sarki da alƙali da 'yan doka, kowa ya riƙe matsayinsa har a watse. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, tun daga tsakiyar shekarun 1970 lokacin Michael Etherton, ya gina aikinsa a ƙauyuka da cikin Samaru kan wannan: a kafa matsala, a tsaya, a tambayi 'yan kallo yadda za a yi, labarin ya bi shawararsu. Hatta hangen fili daga sama da lissafin inda za a ajiye kowane ɗa, duk mai dara ya san shi, da gurabunta 30 da 'ya'ya 12 a hannun kowane ɓangare. Kayan haɗin duk suna nan. Saboda haka dole a nemi dalilin a wani wuri.

Wurin shi ne shago. Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife shi, bayan layin Baro zuwa Kano ya ratsa Zariya wajen 1911, kuma tun daga lokacin ta nan sabon kaya ke shigowa: kantunan Turawa irin su PZ da wata unguwa ta ci sunansa, garmaho, rediyo, sinima, daga baya bidiyo. Samaru kuma ilimi ne ya raya ta, daga tashar binciken noma ta 1922 zuwa jami'ar da aka buɗe a watan Oktoba na 1962. Ɗaya na da 'yan kasuwa, ɗaya na da dubban matasa. Da na'urorin wasa suka fara isowa, yawancinsu na hannu, tsadarsu ta fi ƙarfin gida ɗaya, sai suka bi hanyar da talabijin da bidiyo suka bi kafin su: mutum ɗaya ya saya, jama'a su biya su more. Mai shago ya kama ɗaki, ya jera benci, ya sa talabijin biyu ko uku da ƙaramin janareta a bakin ƙofa. Abin da yake sayarwa shi ne wasa guda, kuma kowane minti fetur yake ci. Wane wasa ne zai biya masa haya? Wanda ke ƙarewa cikin minti goma, mutum biyu ke yi a tare, yana da wanda ya ci da wanda aka ci, kuma na bayan benci na jin daɗin kallo suna jiran layi. Winning Eleven da PES na Konami da FIFA sun cika waɗannan sharuɗɗa duka. Ga kuma dokar da aka saba da ita, cewa wanda aka ci shi ke biya, ya miƙa pad ga na gaba, wadda ta sa gwani zai iya wuni da kuɗin wasa ɗaya.

Yanzu a ɗora wasan sa'o'i 80 a kan wannan benci. Mutum ɗaya ne zai riƙe na'ura, sauran ba su da abin kallo sai rubutu na wucewa. Ba wanda aka ci, balle a san mai biya. Mafi muni, irin wannan wasa yana rayuwa ne da ajiya: sai an adana inda aka tsaya, gobe a ɗora. A zamanin PlayStation 2 ajiyar na kan ɗan katin da ake soka wa na'ura, mai cin megabait 8, kuma katin shago na kowa ne. Wani yaro zai goge tafiyar mako uku don ya sami wurin ajiye ƙungiyar ƙwallonsa. In wuta ta ɗauke kafin a adana, aikin yinin ya tafi, kuma daga NEPA zuwa PHCN zuwa kamfanin Kaduna na yau babu wanda ya taɓa yi wa mai wasa alkawarin sa'a uku a jere. Wanda wuta ta katse wa ƙwallo minti biyar ya rasa. Babu mai shago mai hankali da zai zuba jarinsa a dogon wasa, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai abin da shago bai ajiye ba yaro bai gan shi ba, abin da bai gani ba kuwa ba zai nema ba, har aka wayi gari ana ɗaukar zaɓin ɗan kasuwa a matsayin ɗabi'ar al'umma.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce abin da ya faru da sharuɗɗan suka canza. Da laftof na hannu ya yawaita a hannun ɗaliban Samaru, mai batir da ke jure ɗaukewar wuta da ma'ajiyar da ba mai taɓa ta sai mai ita, sai ga dogayen wasanni suna yawo daga ɗaki zuwa ɗaki a filas. Ba wa'azi aka yi wa kowa ba, na'ura ce ta zama ta mutum ɗaya. Amma sababbin wasannin sun zo da nasu shingen. Baldur's Gate 3 na neman wurin da ya kai gigabait 150 da kwamfuta mai ƙarfin zane, sauke shi kaɗai zai cinye datar watanni. Farashinsa da dala ne, a lokacin da bankuna suka rage abin da katin naira ke iya saya a waje zuwa dala 20 a wata a 2022, sannan darajar naira ta faɗi a 2023, shekarar da cire tallafin mai ya ninka kuɗin tayar da janareta. Wayar hannu, wadda ta shigo da GSM a 2001 ta kuma zama na'urar wasan talaka, ta sake komawa ga gajeren zango saboda batir da data. Akwai masu cewa Turanci ne shingen. Yana daga ciki, domin Turancin waɗannan wasanni tsoho ne mai nauyi, amma a garin da ɗalibai ke karanta likitanci da shari'a da Turanci ba zai zama babban dalili ba.

Akwai ja guda da ba zan yi wa riƙon wasa ba. Duniyoyin waɗannan wasanni cike suke da alloli barkatai da tsafi, wani lokaci da tsiraici, kuma uban da ya ƙi ganin haka a gidansa yana da hujja. Sai dai wannan ja ne da kayan da aka zuba a cikin tsarin, kayan da aka ɗebo daga almarar Turai. Marubutan da Hukumar Talifi ta buga wa littattafai sun nuna tun 1934 cewa ana iya gina tafiyar jarumi da aljanu da abin al'ajabi a cikin duniyar da Musulmi ya sani, har a karantar da ita a makaranta. Kuma ƙorafin iyaye a kan gidan gem, bisa yawanci, a kan gudun makaranta yake da caca da ake ƙullawa a kan sakamakon ƙwallo, wato a kan nau'in da ya yi nasara.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wata sana'ar ta riga ta warware irin wannan matsala. Littattafan yaƙi da suka cika kasuwa daga shekarun 1990, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, dogayen labaran jarumai ne da matsafa da aljanu, masu karatunsu kuma ba masu kuɗi ba ne. Sai aka yanka labari kashi kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, kowane a ɗan siririn littafi, aka kuma buɗe shagunan haya inda ake biyan kuɗi kaɗan a karanta a dawo. Dogon labari ya sayu da canji. Ba a yi wa wasan kwamfuta irin wannan dabara ba saboda masu ƙira shi ba su taɓa sanin akwai benci da janareta ba. A Kamaru, kamfanin Kiro'o ya fitar da Aurion a 2016, wasan jarumai da aka gina kan almarar Afirka, a ƙasar da ita ma ke fama da ɗaukewar wuta. Samaru na da sashen zane wanda ya fitar da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda ƙungiyarsu ta 1958 ta dage kan haɗa fasahar waje da ta gida, tana da Cibiyar Kwamfuta ta Iya Abubakar, tana da masana Hausa da na wasan kwaikwayo, duk a harabar jami'a ɗaya. Wasan da zai shiga shagon Sabon Gari sai ya zo da Hausa, marar nauyi a na'ura, a yanke shi zango zango na rabin sa'a, mutum biyu ko uku su iya yin sa tare, kuma kowa ya tafi gida da ajiyarsa a wayarsa.