Yadda Gari Ya Ci Gona, Namun Daji Suka Yi Ƙaura

Jama'a, duk wanda ya kai shekaruna ya san lokacin da yaro zai fita bayan gari da asuba ya tarar da fakara da zabin daji suna kiwo a gonar gero. Yau wurin fulotai ne da tulin bulo. Yaya aka yi haka?

Asalin abin jirgin ƙasa ne. Da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, sai cinikin gyaɗa da fata da ƙaro ya buɗe. Iyayenmu suka biyo kasuwa, Hausari ta cika, wasu suka zarce Gashuwa. Amma a lokacin gari ƙarami ne, gonaki na kewaye da shi cike da gawo, aduwa da goruba. Zomo da bushiya da damo suna nan, gauraka da ɗinya suna fadama.

Farin 1973 da na 1984 suka koro mutanen ƙauye cikin gari, kowa na neman filin gini da itacen girki. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 suka sauya zuwan ruwa, kacala ta toshe hanyoyinsa. Aka ƙirƙiro jihar Yobe a 1991, Gashuwa ta samu jami'ar tarayya a 2013, kuɗin fili ya tashi. Mai gona a bakin gari ya ga sayarwa ta fi noma riba. Ni kaina na sayi irin wannan fili, na sare gawo biyu. Ba na wanke kaina.

Gaskiya ne tsuntsayen Turai na sauka Dagona duk hunturu, har Yarima Philip na Ingila ya zo kallonsu a 1989. To amma na gonarmu fa? Mujiya da ke cin ɓera ba ta da kogon kwana, bushiya da ke cin ƙwari ba ta da shinge. Masu gadin sun tafi, ɓera ya samu sake, jan baki kuma ya samu mafaka a cikin kacala. Manomi sai sayen magani.

Don Allah, wanda zai yi gini ya bar bishiya ko ɗaya ce a filinsa, a kuma hana yara harbin tsuntsu da danƙo. Ƙasar nan amana ce, jikokinmu za su tambaya. Allah Ya sa mu gane.