Aosdána: Hukuma da 'Yancin Masu Fasaha a Ƙasar Ailan

Wata ƙungiya da marubutan Ailan suka kafa bayan samun mulkin kai ta tsaya ne a gaban hukuma, ba a bayanta ba. A shekarar 1932 W. B. Yeats da George Bernard Shaw suka assasa Irish Academy of Letters domin tunkarar dokar tace littattafai ta 1929, wadda ta haramta ayyukan marubuta da dama na ƙasar. An gayyaci James Joyce, ya ƙi shiga.

Bayan kusan shekara 50 sai al'amarin ya juya. Charles Haughey, wanda tun yana ministan kuɗi a 1969 ya yafe wa masu fasaha harajin abin da suka samu daga ayyukansu, shi ne shugaban gwamnati lokacin da mashawarcinsa, marubuci Anthony Cronin, ya kawo shawarar kafa Aosdána a 1981. Sunan kansa abin lura ne ga manazarcin harshe. A tsohon harshen Ailan ma'anarsa ita ce ma'abota hikima, wato rukunin da mawaƙan sarakunan dā suke ciki, masu rayuwa da kyautar ubangida. Ke nan tun daga sunan aka gaji tsohuwar tambaya: wanda ake ciyarwa yana iya faɗa wa mai ciyar da shi gaskiya?

An yi ƙoƙarin toshe wannan kafa. Membobi ne ke zaɓen sababbin membobi, adadinsu kuwa ba ya wuce 250. Wanda samunsa bai kai wani ƙayyadadden mizani ba yana karɓar Cnuas, tallafin shekara-shekara daga Majalisar Fasaha ta ƙasar. Akwai kuma muƙamin Saoi, wato masani, wanda shugaban ƙasa ke bai wa mai shi abin wuya na zinariya. Samuel Beckett ne ya fara samunsa a 1984.

Babbar jarrabawa ta zo a 1996, sa'ad da aka zaɓi Francis Stuart a matsayin Saoi, alhali ya yi jawabai ta rediyon Jamus daga Berlin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1997 mawaƙiya Máire Mhac an tSaoi ta gabatar da ƙudurin ya sauka. Ƙudurin ya faɗi, ita kuwa ta fice daga ƙungiyar. A nan ba hukuma ce ta yi katsalandan ba. 'Yancin da aka bai wa membobin ne ya zame musu nauyi.

Saɓani da hukuma ya fito fili a 2017, da Majalisar Fasaha ta nemi sauya sharaɗin Cnuas ta yadda mai karɓa zai riƙa nuna shaidar aikin da yake samarwa. Membobi suka yi tsayin daka, suna cewa hakan zai jefar da tsofaffi da marasa lafiya, waɗanda tun asali domin irinsu aka ƙirƙiro tallafin.