Daga Dandalin Kwabo Zuwa Taskar Adabi: Zamanin Farfaɗowa da Wasan Kwaikwayon Ingila

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna ajin adabi a sakandare ko jami'a ya san sunan William Shakespeare, har wasu na zaton tun ran da ya fara riƙe alƙalami ake girmama shi kamar yadda ake yi yanzu. Tarihi bai nuna haka ba. A zamaninsa rubuta wasan kwaikwayo sana'ar neman abinci ce wadda malamai ke yi wa kallon raini, ana kuma yin ta da harshen da ba a ɗauke shi harshen ilimi ba. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun yadda aka yi rubutun kasuwa ya zama abin da duniya ke karantawa bayan shekara 400, domin akwai abin da marubucin Hausa zai tsinta a ciki.

Mafarin Farfaɗowa

Masana tarihi na kiran lokacin da ya taso daga ƙarni na 14 zuwa na 17 a Turai da suna Zamanin Farfaɗowa. A biranen Italiya abin ya faro, musamman Fulorans, inda fatauci da harkar banki suka tara dukiya a hannun gidaje irin na Medici, su kuwa suka riƙa ɗaukar nauyin malamai da magina da masu zane. Mutane irin su Petrarch, wanda ya rasu a 1374, suka duƙufa wajen tono tsofaffin littattafan Rumawa da aka manta da su a gidajen ibada. Wani sashe na ilimin Girkawa kuwa ta hannun Musulmi ya isa Turai, domin tun ƙarni na 12 ake fassara littattafan Ibn Sina da Al-Khawarizmi daga Larabci zuwa Latin a ƙasar Andalus. Da Turkawa suka ci birnin Ƙusɗanɗiniya a 1453, ƙarin malaman Girka suka kwararo Italiya da littattafansu.

Daga wannan tono-tono ne aka samu ƙubbar babban cocin Fulorans wadda Brunelleschi ya kammala a 1436, da zane-zanen Leonardo da Vinci, da aikin da Michelangelo ya yi a rufin ɗakin ibadar Fafaroma tsakanin 1508 da 1512. Amma abin da ya fi ba tafiyar ƙarfi shi ne injin ɗab'i. Wajajen 1455 Gutenberg ya buga Baibul a birnin Mainz na Jamus, sai ya zama littafin da a da magatakarda zai shafe watanni yana kwafa, yanzu ana fitar da ɗaruruwansa lokaci guda. A shekara ɗaya tak, wato 1543, aka buga littafin Copernicus mai cewa duniya ce ke kewaya rana, da na Vesalius wanda ya zana sassan jikin ɗan Adam bisa abin da ya gani da idonsa a wajen fiɗa. A 1610 Galileo ya bayyana abin da ya hango a sararin sama da madubin hangen nesa.

Tafiye-Tafiye da Labarin Ƙasar Hausa

A daidai wannan lokaci jiragen ruwan Fotugal da Sifen suka bazama cikin teku. Kolumbus ya isa tsibiran Amurka a 1492, Vasco da Gama ya zagaya kudancin Afirka ya kai Indiya a 1498, ayarin Magellan kuma ya kewaye duniya tsakanin 1519 da 1522. Wajibi ne a tuna cewa jiragen da suka ɗauko ilimi da kayan yaji su ne suka buɗe ƙofar mulkin mallaka da cinikin bayi ta Tekun Atlantika. A 1562 Baturen Ingila John Hawkins ya kwashi mutane daga gaɓar Saliyo ya kai su Amurka ya sayar.

Ta wannan ƙishirwa ta sanin duniya ne sunan ƙasar Hausa ya shiga maɗaba'ar Turai. Hasan al-Wazzan, haifaffen Garnaɗa wanda ya tashi a birnin Fas, ya faɗa hannun 'yan fashin teku a 1518, aka miƙa shi ga Fafaroma Leo na 10, daga nan aka san shi da Leo Africanus. Littafinsa na bayanin Afirka, wanda ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas, an buga shi a Fenis a 1550, sannan John Pory ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1600. Ke nan mai karatu a Landan yana iya cin karo da sunan Kano a daidai shekarun da Shakespeare ke tashe.

Dandamali a Bayan Gari

Farfaɗowa ta yi jinkirin isa Ingila. William Caxton ya kafa maɗaba'ar farko a 1476, amma har cikin mulkin Sarauniya Elizabet ta Ɗaya, wanda ya fara a 1558, Latin ne harshen jami'a da na manyan malamai. 'Yan wasa kuwa, dokar 1572 ta sa duk wanda ba ya ƙarƙashin inuwar wani basarake cikin jerin 'yan gararamba. Hukumar birnin Landan ba ta ƙaunarsu, saboda haka lokacin da James Burbage ya gina gidan wasansa a 1576, sai ya kai shi bayan ganuwa. Da katakon wannan gida ne aka gina gidan wasa na Globe a 1599, a kudancin Kogin Thames, unguwar mashaya da wasan dabbobi.

Da kwabo ɗaya mutum zai shiga ya tsaya a fili gaban dandamali, mai hali kuma ya ƙara kuɗi ya samu wurin zama. Da rana ake wasan, babu kayan ƙawata dandamali sosai, samari ne ke fitowa a matsayin mata. Don haka nauyin komai yana kan magana: da baki za a gina dare da fada da fagen yaƙi. Marubucin da zai riƙe hankalin ɗan dako da lauya da basarake a zama ɗaya, dole harshensa ya yi kaifi. Christopher Marlowe ne ya fara nuna hanya da wasansa Tamburlaine wajajen 1587.

Shakespeare, wanda aka haifa a 1564 a garin Stratford, ɗan mai ɗinkin safar hannu ta fata ne, bai kuma taɓa shiga jami'a ba. A 1592 wata ƙasida da aka buga da sunan Robert Greene, ɗaya daga cikin marubuta 'yan jami'a, ta yi masa ba'a cewa ɗan wasa ne mai shisshigi cikin aikin da ya fi ƙarfinsa. Kusan duk labaransa aro ne: na sarakunan Ingila daga littafin tarihin Holinshed, na Rumawa daga fassarar Plutarch da Thomas North ya yi a 1579, Othello kuma daga wani gajeren labari na Italiya. Gwanintarsa tana cikin yadda ya narka abin da ya aro, ya zuba shi a bakin mutanen da 'yan kallo za su ji kamar sun san su.

Littafin da Ya Ceci Rabin Aiki

A wancan zamani marubuci kan sayar da wasansa ga ƙungiyar 'yan wasa, ya zama mallakinta, sau da yawa ba a damu da buga shi ba. Thomas Bodley, wanda ya kafa babban ɗakin karatu na Jami'ar Oxford, ya ƙi yarda a cika masa kantoci da littattafan wasa, don a ganinsa tarkace ne. Ga annoba da ke sa a rufe gidajen wasa, ga gobara irin wadda ta cinye Globe a 1613, ga Majalisa da ta haramta wasan baki ɗaya a 1642, ba a dawo da shi ba sai a 1660. Sakamakon haka mafi yawan wasannin wancan zamani sun ɓace.

Shakespeare ya rasu a 1616. Bayan shekara 7, wato a 1623, abokan aikinsa biyu, John Heminges da Henry Condell, suka tattara wasanninsa 36 a kundi ɗaya. Daga ciki 18 ba a taɓa buga su ba, har da Macbeth da Julius Caesar da Twelfth Night. Wannan na ƙarshe shi ne marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Ba don ɗawainiyar waɗannan abokai biyu ba, da wuya ya samu abin fassarawa.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, abubuwa uku ne suka fito fili. Na farko, aro ba abin kunya ba ne matuƙar an narka shi, kamar yadda Abubakar Imam ya yi da labaran Gabas da na Turai a Magana Jari Ce. Na biyu, laƙabin raini ba ya yanke wa rubutu hukunci. An kira littattafanmu na shekarun 1990 adabin kasuwar Kano, kamar yadda aka kira na Landan tarkace. Sai dai a lura, cikin ɗimbin masu rubuta wasa a Landan, waɗanda suka yi wa harshe hidima ne kaɗai ake tunawa. Na uku, abin da ba a adana ba ya tafi. Littattafai nawa ne na 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya waɗanda ko iyalansu ba su da kwafi? Tattara su da sake buga su aiki ne da ya hau kan ƙungiya, tun kafin gara da damina su gama da sauran.