Darasi a Katin Mimori: Muhallin Podkas a Azuzuwan Illela

Duk wanda ya ratsa tashar Illela ko karar dabbobinta zai ji wa'azi da waƙa da labarai suna tashi daga ƙananan sifikoki da wayoyin hannu. Mafi yawan wannan sauti ba ta intanet yake isowa kunnen mai shi ba. A shagon caji ake loda shi cikin katin mimori, daga nan ya bi Bluetooth ko Xender daga waya zuwa waya har ya ƙetara Birnin Kwanni. Matsayar wannan maƙala ita ce, wannan hanya da jama'a suka shimfiɗa wa kansu ita ya kamata podkas na ilimi ya bi zuwa aji, kuma nasararsa tana rataye ne ga yadda aka tsara darasin da yadda aka horar da malamin.

Koyo da kunne daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke haddace waƙoƙin karantarwa su kai wa matan ƙauyuka, su rera, su yi bayani, su amsa tambaya. Saƙon shiryayye ne tun daga tushe, amma jaji ce ke raya shi a gaban ɗalibai. Da rediyo ya zo sai ya tarar da kunnuwa a buɗe: Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Nijar ta kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a 1962, Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa da aka kafa a 1989 kuma ta daɗe tana gabatar da shirin Don Makiyaya a Ruga a Rediyon Najeriya Kaduna.

Hujja mafi ƙarfi kan amfanin darasin murya a aji ta fito ne daga Nikaragwa, inda a 1974 masana daga Jami'ar Stanford suka fara koyar da lissafi ta rediyo a makarantun firamare. Sirrin shirin shi ne ba ya barin yaro ya zauna shiru. Murya ta yi tambaya, ta dakata 'yan daƙiƙoƙi, yara su amsa da baki ko su ƙirga tsakuwa, sannan ta faɗi amsar daidai. Yaran da suka bi shirin sun zarce takwarorinsu a gwajin lissafi, aka kuma kwaikwayi salon a Kenya don koyar da Turanci, daga baya ya iso wasu makarantun Kano a farkon shekarun 2000. Lacca mai tsawo da aka naɗa aka kunna wa yara ba ta cikin wannan lissafi.

Abin da podkas ya fi rediyo da shi a gari irin Illela shi ne iko da lokaci. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, jihohin Arewa sun koma ga darussan rediyo, amma yaron da aka aika ɗiban ruwa ko kiwo a lokacin shirin ya yi asararsa ke nan. Podkas kuwa malami na iya tsayar da shi, ya maimaita, ya ajiye sai gobe.

Batun intanet ma lissafi ya warware shi. Darasin murya na minti 15 ana iya naɗa shi a kusan megabait 7, don haka katin gigabait 2 zai ɗauki darussa fiye da 250. Wannan yana da muhimmanci a jihar Sakkwato, inda aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro. Manhajar Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022 tana da amfani, sai dai malamin ƙauye ya fi kusa da sifika mai cajin rana fiye da babbar waya da kuɗin data.

Masu suka suna da ta cewa. Ajin da yara suka cika maƙil, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga, ƙaramar sifika ba za ta isar da murya ƙarshensa ba. Akwai kuma fargabar malami ya kunna na'ura ya fita hira. Duka biyun gaskiya ne, kuma maganinsu yana cikin tsarin darasin: a taƙaita shi, a sa muryar ta riƙa umartar malami kai tsaye ya rubuta harafi a allo ko ya tayar da yarinya daga layin baya, a haɗa kowane darasi da shafinsa a littafi. Sakkwato tana da abin ginawa a kai, domin shirin Mu Karanta da aka gudanar a nan da Bauchi da tallafin USAID ya bar littattafan koyon karatu da Hausa da malaman da aka horar a kansu.

Saura batun murya. Shirye-shiryen podkas na Hausa da suka yi suna, irin Najeriya a Yau da Daga Laraba na Aminiya, manya ake yi wa su. Ɗan aji biyu a Illela yana buƙatar muryar da ta san Sakkwatanci, ta ɗauke shi a hankali zuwa daidaitacciyar Hausar littafi, ta kuma kawo misalan lissafi da buhun albasa da canjin naira da sefa. Irin wannan darasi zai yi amfani har a makarantun Kwanni, tunda a 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari tana da ɗalibai masu koyon malanta, Rediyon Rima yana da ɗakin naɗar murya, Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha kuma ita ke riƙe da makarantun. Idan ukun suka haɗu, za a iya fara gwaji da darussan karatu da lissafi na zango ɗaya a wasu makarantun Illela, a auna yaran kafin farawa da bayan kammalawa, a kwatanta su da azuzuwan da ba su saurara ba.