Kurakuran da ke ɓoye a cikin manhajojin wayar salula

Manhajar waya na iya yin aiki lafiya lau a hannun mai amfani da ita, alhali rubutun umarnin da aka gina ta da shi a hargitse yake.

Masana harkar kwamfuta na kiran alamun irin wannan hargitsi da “wari”, kalmar da Kent Beck ya ƙirƙiro, Martin Fowler kuma ya yayata ta a littafinsa Refactoring na 1999.

Warin ba ya tsayar da manhaja nan take. Illarsa sai ranar da aka zo gyara take bayyana.

Daga cikin alamun akwai kwafe umarni iri ɗaya a wurare da dama, ta yadda in an gyara wuri guda sai a manta da sauran. Wanda ya fi damun masu manhajojin waya shi ne jibga wa sashe guda ayyuka barkatai: shi ne zai zana abin da ake gani a fuskar waya, shi ne zai ɗauko bayanai daga intanet, shi ne kuma zai yi lissafi.

Kamfanin Uber ya ce wani sashe na manhajarsa ya kumbura daga layi 300 zuwa sama da 3,000 ta wannan hanya. A 2016 kamfanin ya sake rubuta manhajar fasinjojinsa tun daga tushe.

Wani warin kuma har mai waya yana jinsa. A tsarin Android, manhajar da ta ɗora aiki mai nauyi a kan hanyar da ke amsa taɓin yatsa takan daskare, kuma bayan kimanin daƙiƙa 5 wayar za ta nuna saƙon cewa manhajar ba ta amsawa.

Akwai manhajojin da ke binciken rubutun ba tare da an kunna shi ba, kamar Lint da Google ya fitar a 2011, da SonarQube, da kuma Infer, wadda Facebook ya saki ga jama'a a 2015.

Sai dai sun fi ƙwarewa a kan abin da ake iya ƙirgawa, kamar tsawon sashe ko yawan maimaici. Sukan kuma yi ƙorafi a kan abin da ba laifi ba ne, har ma'aikata su gaji su daina kula su. Shi ya sa manyan kamfanoni ke sa wani injiniya ya karanta aikin abokinsa kafin a karɓa.

Gyaran ma ba ya ƙarewa, domin tun 2018 Google ke tilasta wa masu sabunta manhajoji a kasuwarsa ta Play su bi sababbin nau'o'in Android.