Labarin Kusheyin Durɓi

Gabas da birnin Katsina, kamar mil 20, cikin ƙasar Mani, akwai waɗansu tuddai na ƙasa a tsakiyar gonaki. Baƙo ya gan su, sai ya ce manyan surori ne. Amma mutanen wurin sun gāji sunansu kaka da kakanni, suna ce musu Durɓi ta Kusheyi, watau Durɓi mai kaburbura. An ce nan aka rufe sarakunan Durɓawa, tun daga Kumayau har Sanau, wanda Korau ya kayar a kokawa ya karɓe sarauta.

Cikin 1907, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Allah ya ji ƙansa, wani Bature mai suna Palmer ya sa aka tone babban tudun da waɗansu biyu. Aka sami tukwane da kayan ƙarfe. To, amma ba a tsara lissafinsu ba, ba a ɗauki surarsu ba, suka ɓace. Kabari kuwa sau ɗaya ake tone shi. Abin da mai tono bai rubuta ba, ya tafi ke nan har abada. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin shari'a ya san wannan hasara.

Gwamnati ta kafa dokar kayan tarihi cikin 1953, cikin 1959 kuma aka sa kusheyin ƙarƙashinta. Amma doka a takarda take. Dagatai da masu unguwanni da manoman da suka ƙi sa garma a kan tuddan, su ne suka tsare su tun ba a san dokar ba.

Cikin 1992 masana daga Jamus da Nijeriya suka buɗe uku. Wannan karo da haƙuri aka yi. Kowane tudu mutum ɗaya ne a tsakiyarsa. Aka ɗebo kayan haɗe da ƙasarsu, daga baya aka kai su birnin Mainz aka gyara. Sai ga 'yan kunne na zinariya, da mundaye, da duwatsun wuya, da wuri, da hauren giwa, da wata tasa ta tagulla irin ta ƙasashen Gabas. Awo ya nuna kaburburan na tsakanin ƙarni na 13 ne da na 16. Ashe tun lokacin fatake na ƙetare Sahara su zo da haja ƙasar Katsina.

Cikin 2014 aka komo da kayan Nijeriya.